Ƙoton roba, tana da gidan sauro: ina kifin tabkunanmu ya dosa?



Yau zancen kifi za mu yi. Mun san wani zai yi dariya ya ce, mu da ruwan sha ma sai an bi layi da jarka, ina mu ina zancen su? Da gaskiyarsa. Birnin Damagaram bisa duwatsu yake zaune, ba mu da gulbi kamar mutanen Yamai ko Gaya, kuma ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da aka bayar lokacin da Turawa suka ɗauke babban birni daga nan suka mai da shi Yamai a 1926. To amma jahar ba ta tsaya ga birni ba. In ka ɗauki hanyar Gure da Difa, ka yi kamar kilomita 70, ga tabkin Gidimuni da dabinonsa da garakensa. In ka gangara kudu wajen Korama, ga tabkuna barjat. Ga kuma tabkin Lasuri. Waɗannan biyun duniya ma ta san da zamansu: an sa Lasuri cikin jerin wuraren ruwa masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar a 2005, Gidimuni kuma a 2019. Akwai gidajen da tukunyarsu ba ta hawa wuta sai in an fita su.

Abin da ya tado zancen shi ne hotunan bidiyo da suke yawo cikin salula. Duk wanda ke zama fada wajen shan shayi ya taɓa cin karo da su: Bature tsaye cikin jirgin ruwa mai inji, da sandar fatsa mai na'urar naɗe zare, da akwati cike da ƙoto kala-kala na roba da na icce, ya jefa, ya jawo, sai ga ƙaton kifi. Ya ɗaga shi a yi hoto, ya mai da shi ruwa. Samarinmu suna kallo suna tambaya biyu. Ta farko, ina ake samun wannan ƙoto? Ta biyu, wannan mutum lafiyarsa ƙalau kuwa, ya kama kifi ya sake shi? Duka tambayoyin biyu sun cancanci amsa, kuma amsar tana da alaƙa da halin da tabkunanmu suke ciki.

Bari mu fara da ƙoton. Kifin da Amurkawa suka fi bi da irin waɗannan kaya suna ce da shi bas. Mafarauci ne, ƙananan kifi yake ci da kwaɗi da ƙwari, kuma da ido yake farauta, da kuma wata jijiya da ta bi gefen jikinsa wadda ke jiyo motsin ruwa. Ba wani ƙato ba ne can: wanda ya kafa tarihi, wanda George Perry ya kama a jahar Jojiya a 1932, kilo 10 ne da ɗan ɗori. Giwan ruwa namu na tabkin Cadi da gulbin Kwara yana iya wuce kilo 100. Amma a kan wannan kifi suka gina sana'a guda mai kamfanoni da gasa da kyaututtuka.

Ƙoton nasu iri biyu ne suka fi shahara. Na farko shi ne na roba mai laushi, wanda ake yi da siffar tana ko kwaɗo ko ƙaramin kifi. Wani ma'aikacin injuna mai suna Nick Creme da matarsa suka fara dafa robar a gidansu a garin Akron na jahar Ohayo a 1949, suna zubawa cikin mazubi mai siffar tana, har suka sami wadda ba ta bushewa ta yi tauri. Na biyu shi ne ɗan kifi na icce ko na roba mai tauri, mai wani leɓe a gaba. In ana jan zare, ruwa ya bugi leɓen, sai abin ya nutse yana karkaɗa jiki. Tsawon leɓen da yadda aka karkata shi su ke nuna zurfin da zai kai. Har yau akwai masu sassaƙa shi da hannu, ɗaya bayan ɗaya, daga wani icce marar nauyi da ake kira balsa.

Labarin da ya fi kama mu cikin duka shi ne na Lauri Rapala, wani masunci talaka a ƙasar Finlan. Cikin kwalekwalensa ya daɗe yana lura da yadda manyan kifi suke kai hari cikin garken ƙanana. Sai ya gane ba kowanne suke bi ba, suna zaɓen wanda ya ji ciwo ne, wanda ke tafiya yana tangaɗi. A 1936 ya ɗauki wuƙar baduku ya sassaƙa ɓawon icce marar nauyi, ya naɗe shi da takardar nan mai ƙyalli ta cakulan, ya narkar da tsohon fim na hoto ya shafe shi don kada ruwa ya shiga. Ya yi ta gyara har abin ya riƙa tangaɗi irin na kifi mai ciwo. Sunansa ne a kan kamfanin Rapala da ke sayar da ƙoto ko'ina a duniya yanzu. Ku duba kayan da ya fara da su: wuƙa, ɓawon icce, takardar alawa. Babu abin da ba za a samu ba a kasuwar Dole ranar Alhamis. Jarinsa na gaskiya shi ne zaman da ya yi yana kallon ruwa.

To in wani ya aiko muku da wannan ƙoto daga waje, zai yi aiki a nan? A yawancin tabkunanmu, da wuya. Kuɗin guda ɗaya mai kyau ya isa cefanen gida, kuma kifin da muke da shi ba irin wanda aka yi abin dominsa ba ne.

Ku ɗauki tarwaɗa, wadda ita ce ta fi yawa a ruwanmu. Idonta ƙanana ne, ruwan da take ciki kuwa dagwalo ne, ko hannunka ka tsoma ba ka ganinsa. Da gashin bakinta take lalube, da wari take gane abinci, kuma ta fi fita kiwo da dare. Kifin icce mai fenti ja da shuɗi ba abin da zai gaya mata. Abin da take so shi ne mai wari: tana, hanjin kaza, ɗan kwaɗo, guntun kifi da ya fara juyawa. A wurare da yawa na Afirka ta Yamma har da guntun sabulu ake kama danginta, saboda maiƙon da ke jikinsa yana bin ruwa. Karfasa kuma yawancin abincinta gansakuka ne da ƙananan halittun ruwa, bakinta ƙarami, sai ƙaramar ƙugiya da ɗan tuwo da aka murza da dusa, ko gara, ko ƙaramar tana. Gaiwa tata dabarar daban ce: in tabki ya ƙafe sai ta shige cikin laka ta naɗe, tana shaƙar iska, ta yi watanni har ruwa ya dawo. Ita da fartanya ma ake haƙo ta da rani. Kifin da ƙoton Bature zai ruɗa su ne masu farauta da ido, irin giwan ruwa da tsage, kuma sai a ruwa mai ɗan haske da zurfi.

Duk wannan da muka lissafa ba daga salula muka ji shi ba. Mu da muka taso nan mun san lokacin da ruwan Agusta ke cika kududdufai da tabkunan bayan gari. Kayan aikin yaro a lokacin su ne karan dawa ko ɗan reshe mai lanƙwasa, da zare, da ƙugiya in an samu, in ba a samu ba a lanƙwasa allura a wuta. A ɗaura ɗan guntun kara a jikin zaren don ya yi yawo bisa ruwa, in ya motsa ka san an taɓa. Da safe a bi gindin randa da bakin magudana a tono tana, a zuba cikin gwangwanin tumatir da ɗan damshin ƙasa. Daren da shinge ya fito kuwa, washegari kowa na da ƙoto kyauta. Manya su ke nuna mana sauran: kada inuwarka ta faɗa ruwa, kada ka yi surutu, ka soke tanar yadda bakin ƙugiya zai ɓuya amma wutsiyarta ta rage tana motsi, in kara ya yi rawa kaɗan ka dakata, sai ya nutse sannan ka fizga. Su ke gaya maka wane gefen tabki kifi ke taruwa in iska ta juya, da abin da ya sa bayan ruwan sama tarwaɗa ke tahowa bakin gaɓa, inda ruwa ke kwararowa da ƙwari da tana.

In an duba da kyau, abin da dattijon Finlan ya yi shi ne abin da dattawanmu suka yi. Kowa ya zauna ya karanci kifin ruwansa, ya nemo abin da zai ruɗe shi daga abin da ke kusa da hannunsa. Bambancin shi ne nasa an rubuta, an sa masa suna, an zuba cikin kwali ana sayarwa. Namu yana cikin kawunan tsofaffi, kuma kowace shekara muna kai wasu makwanci ba tare da an tambaye su ba.

Yanzu ga tambaya ta biyu, ta sakin kifi. Su ma ba haka suka fara ba. Lokacin da wani mai suna Ray Scott ya shirya gasarsa ta farko a 1967, ya kuma kafa ƙungiyar masu kamun bas a 1968, kifin da aka kama kashewa ake yi a tara a auna. Mutanen garuruwan da ake gasar suka fara ƙorafi cewa baƙi na ƙarar musu da kifi. Daga 1972 aka fara dokar a riƙe kifi da rai a mai da shi ruwa bayan awo. A irin waɗannan gasa yau, yawanci kifi biyar kaɗai ake yarda mutum ya kawo a rana, wanda bai kai tsawon da aka yanka ba ba a karɓa, wanda ya kawo matacce kuma a rage masa maki. Lissafi ne suka yi: in kifi ya ƙare, gasa ta ƙare, masu sayar da ƙoto ma su rufe shago.

Ba mu ce mai iyali ya kama tarwaɗa ya sake ta ba. Su wasa suke yi da ƙoshi, mu miya muke nema. Amma akwai abu guda da fatsa ke yi ko a can ko a nan: tana zaɓe. Girman ƙugiya shi ke nuna girman bakin da zai haɗiye ta. In ka sa babba, ƙananan kifi sai dai su tsattsage ƙoton su wuce, su ci gaba da girma. Ko doguwar igiyar nan mai ƙugiyoyi da yawa da ake sa wa ƙoto a kwana da ita cikin ruwa, kifin da ya isa ci take kamawa. Haka ma raga ta ƙwarai: masunta da yatsu suke auna idonta, su ce mai yatsa uku, mai yatsa huɗu, kuma in idon na da faɗi ƙaramin kifi ratsawa yake ya fita.

Abin da ba ya zaɓe shi ne gidan sauro. Kowa ya san ana yi, ba sai mun ɓoye wa juna ba. A ɗinke gidan sauro biyu ko uku, mutum biyu su kama gefe da gefe su ja daga tsakiya zuwa gaɓa. Abin da zai fito ya haɗa da kifin da bai kai ɗan yatsa ba, da ƙwai, da ƙwarin da kifin ke ci. A shanya a rana, a sayar da tiya a kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Wannan tiyar, da an bar ta wata biyar ko shida, kwanduna ce. Ga kuma asara ta biyu: gidan sauron nan an raba shi ne don zazzaɓin cizon sauro, wanda ke kwantar mana da yara kowace damana, kuma maganin da aka jiƙa shi da shi guba ne ga kifi. Yaro ya kwana a waje sauro na cizo, tabki kuma ya sha magani. Akwai ma waɗanda ke zuba maganin ƙwari na gona cikin ruwa don kifi ya taso, a ruwan da shanu da awaki ke sha, mata ke wanki, yara ke wanka. Nijar na da dokar kamun kifi, kuma kamu da guba haramun ne, amma ma'aikacin gandun daji guda nawa ne zai kwana bakin kowane tabki?

Mun san abin da mai jan gidan sauro zai ce, kuma ba za mu yi kamar ba mu ji ba. Zai ce in bai kwashe ba wani zai kwashe, kuma wannan kududdufin nan da watan Maris ya ƙafe, kifin mutuwa zai yi ko an kama ko ba a kama ba. A kan ruwan da ke ƙafewa yana da hujja, ko da yake ko nan ɗin haƙurin wata biyu na ƙara nauyin abin da za a samu. Amma tabkunan da ke riƙe ruwa shekara, irin Gidimuni, lissafinsu daban ne. Su ne rumbun iri. Tarwaɗa da farkon damana take hayayyafa, lokacin da ruwa ya malale cikin ciyawa. Karfasa kuwa uwar ce ke ɗauke ƙwanta cikin baki har su ƙyanƙyashe, in ka kama ta a lokacin ka kama ɗaruruwa a tashi ɗaya. Duk wanda ya taɓa noma ya san hukuncin mai cinye iri kafin shuka.

Kuma tabkunan na fama da wasu cututtukan ko ba mu taɓa su ba. Rairayi na gangarowa yana cike su saboda an sare itatuwan da ke riƙe ƙasa. Kacalla na mamaye bakin ruwa har jirgi ya rasa hanya. Leda kuwa ba a magana. Wannan ma wani dalili ne da ya sa ba mu ɗokin ganin ƙoton roba ya cika kasuwa: wanda ya tsinke ya faɗa ruwa ba ya ruɓewa kamar tana, nan zai zauna, ko kifi ya haɗiye shi ya tsaya masa a ciki.

Mun riga mun ɗanɗana abin da ake ji in kifi ya yi nisa. Shekara da shekaru bandar tabkin Cadi ce ke cika mana kasuwa. Tabkin da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya ja baya ƙwarai bayan farin shekarun 1970 da 1980. Sannan a 2015, da rikicin Boko Haram ya shigo jahar Difa aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana su da cinikin kifi a yankin, aka yi shekaru kafin a sassauta. Matan da ke suyar kifi a bakin titi sun san yadda kuɗinsa ya tashi, da yadda kifin kwali mai ƙanƙara da ake kawowa daga teku ya maye gurbi a gidaje da yawa. A irin wannan lokaci ne mutum ke gane darajar ɗan tabkin da ke bayan garinsu. Hukuma da ƙungiyoyi sukan kawo irin kifi su zuba a tabkuna, to amma ina amfanin zubawa in kafin su yi wata uku an tace su da gidan sauro?

Ga abin da muke gani, kuma ba sabon abu muka ƙago ba. Ƙasar Hausa ta san sarautar Sarkin Ruwa tun kafin zuwan Bature. A Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, wurin da ake gasar a rufe yake sauran shekara, ba mai jefa koma sai ranar da aka buɗe, shi ya sa ake fito da giwan ruwa da sai mutum biyu sun ɗauka. Kowane gari mai tabki zai iya zama da mai gari da masunta da magajin gari da ma'aikatan gandun daji a yanka watannin da za a rufe ruwa, daga saukar damana har kifi ya yi ƙwari. A yanka faɗin idon raga. A bar yara da tsofaffi su yi fatsarsu ta miya, don ƙugiya ɗaya ba ta ƙarar da tabki. Gidan sauro kuma ya koma kan gado. Dokar da mutanen gari suka yanka da bakinsu ta fi ta takarda tsoro, don wanda ya karya ta da maƙwabcinsa zai haɗa ido a masallaci.

Ku kuma samari masu sha'awar ƙoton Bature, ba mu hana ku ba. In kuna zuwa inda giwan ruwa yake, ku gwada. Ba sai kun jira na kwali ba: garin nan cike yake da maƙera da masassaƙa da dukawa, tsohon cokali in an yanke mariƙinsa aka huda aka sa ƙugiya yana walƙiya cikin ruwa kamar ƙaramin kifi, kuma a ƙasashe da yawa da irinsa ake kamu. Amma kafin nan, ku sayi goro ku je wurin tsohon masuncin garinku. Ku gaishe shi, ku ce baba, me kifin nan ke ci da sanyi, me yake ci da bazara? Ina yake kwana in ruwa ya ja? Salular da kuke kallon Amurka da ita tana ɗaukar murya. Ku ɗauka ku ajiye, ku turo mana mu sa a wannan shafi kowa ya ji.

Mutanen Gidimuni, Lasuri, Mirya, Wacha, Magarya da Matamai, da ƴan uwanmu na Madarunfa a jahar Maraɗi, ku ne a bakin ruwa. Ku faɗa mana a ƙasa: da wane ƙoto kuke kama tarwaɗa a wajenku, kuma garinku na rufe tabki ko ba ya rufewa? In yana rufewa, wa ke yanka ranar, kuma me ake yi wa wanda ya saɓa?

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya cika tabkunanmu, ya kare mana yaranmu. Mu kwana nan.